Amsoshin Tambayoyinku: Zan Sayar Da Roba-robata Ba Dillali, Yaya Zan Yi Da Masu Tayi?

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne a Zariya. Ina da babur roba-roba ƙirar Lifan da na saya sabo a 2022, da shi nake zuwa aiki. Yanzu wata larura ta taso, ina son in sayar. Na kai wa dillalai, tayin da suka yi mini ko kusa bai yi ba, ga kuma la'ada. Sai na ɗora hotonsa a WhatsApp da Facebook. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wani ya zo ya ce in ba shi ya zaga ya ji lafiyar injin, na ji tsoro na hana, ya tafi yana faɗa. Wani ya turo mini hoton shaidar tiransifa ya ce yaronsa na nan tafe ya ɗauka, alhali ban ga ko kwabo a asusuna ba. Wani abokin aikina kuma yana so, amma biya uku. Sannan babur ɗin yana ɗan shan baƙin mai, ko dole ne in faɗa tunda ba wanda ya tambaye ni? Don Allah a ba ni shawara.
Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Malam, Allah Ya yaye larurar da ta taso, Ya kawo mai saye na gari. Tambayoyinka huɗu ne a dunƙule, kuma duk tushensu ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin dillali shi ne nemo mai saye kawai, shi ya sa la'adarsa take yi musu ciwo. Amma dillalin kirki aiki uku yake yi a kan kuɗin nan. Ya san mai kaya ya san mai saye, ko aƙalla ya san wanda ya san su. Shi ne shaidar cinikin. Kuma idan rigima ta taso bayan wata biyu, rumfarsa tana nan inda take, can za a nufa. Da ka cire shi daga tsakani, ayyukan nan uku ba su ɓace ba, kanka suka dawo. Ban ce ka koma wurin dillali ba, don mai babur mai lafiya da cikakkun takardu yakan fi samun kuɗi idan ya sayar da kansa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, la'adar da ka tsirar ladan aiki ce, kuma sai ka yi aikin.

Fara da takardu tun kafin ka sake amsa wayar kowa. Fito da rasit ɗin da aka ba ka ranar da ka saya, da takardun rajistar lamba, da lasin ɗin babur idan kana sabuntawa. Ka durƙusa da kanka ka duba lambar injin da lambar bodi, ka gwada su da abin da ke rubuce harafi bayan harafi. Lambar bodi haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ta baburan da aka ƙera a Sin da harafin L take farawa. Lambar injin kuwa a jikin ƙarfen injin aka buga ta, sau da yawa sai ka goge maiƙo da ƙura kafin ta fito. Ba abin mamaki ba ne ka tarar yaron shago ya yi kuskuren alƙalami ɗaya ranar da yake rubuta rasit, kai kuma ba ka taɓa lura ba. Gara ka gano yau ka koma shagon a gyara, da a gano a gaban mai saye yana yi maka kallon ɓarawo. Idan rasit ɗin ya ɓata, ka nemi kwafi daga inda ka saya, in bai samu ba ka yi takardar rantsuwa a kotu ka haɗa da rahoton 'yan sanda. Mai hankali ba ya sayen babur marar takarda sai da arha ƙwarai, domin ya san karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma a hannun wanda aka ga kaya shi ake fara kamawa. Saboda haka takardunka kuɗi ne, kada ka raina su.

Sai farashi. Kada ka ɗora lissafinka a kan abin da ka biya a 2022, kasuwar ta canza gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce 1,000 a ƙarshen 2024. Masu motoci da yawa suka jingine su suka koma neman ƙaramin babur da ba ya shan mai. Ga kuma faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023, wadda ta ɗaga kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, har da sabon babur na kwali. Shi ya sa za ka ga mutum ya hau babur shekara biyu ko uku ya sayar da shi fiye da yadda ya saya, a lissafin naira dai. Dillalan da suka yi maka tayi sun san wannan sarai, fatansu kai ba ka sani ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka aiki ƙaninka ko wani aboki kasuwar 'yan babura a matsayin mai saye, ya tambayi kuɗin sabo irin naka, ya kuma taya na hannu biyu ko uku masu shekarun naka. Abin da dillali ya sallama wa mai saye, ba abin da ya taya wa mai sayarwa ba, shi ne ainihin kuɗin baburinka. Daga nan ka tsayar da adadi biyu a zuciyarka: wanda za ka faɗa, da wanda ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Na biyun kada ka faɗa wa kowa, ko wanda zai raka ka.

Akwai abin da ke taimakonka. Injin roba-roba mai 110cc ɗin nan, wanda yake kwance, daga tsarin Honda Super Cub aka kwaikwayo shi, babur ɗin da aka fara ƙerawa a Japan a 1958. Lifan da Jincheng da sauran 'yan'uwansu duk a kan wannan zubin suke. Ba garin da za ka shiga ka rasa bakaniken da ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Wannan ne ya sa na hannunsa ba ya kwantai.

Gyara ƙanana ka yi su. Wanke shi tas, canza baƙin mai, sa sabon filogi, ɗaure sarƙa, gyara birki, maye gilashin da ya fashe da ƙwan sigina da ya mutu. Kuɗinsu kaɗan ne, amma kowane ɗaya da ka bari mai saye zai zabge maka ninkinsa a ciniki. Fenti kuwa ko sauya robobi gaba ɗaya, ban ba ka shawara ba. Tsohon babur da ya yi ƙyalli fiye da kima tambaya yake jawowa: me aka rufe?

Yanzu ga maganar shan baƙin mai, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a wasiƙarka. Amsa a taƙaice: eh, dole ne ka faɗa, ko an tambaye ka ko ba a tambaya ba. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, ɓoye aibin da mai kaya ya sani haramun ne, kuma idan mai saye ya gano aibin da ya riga ciniki, irin wanda ke rage daraja, yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Ka kuma san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Mutumin nan bai yi ƙarya da baki ba, jera kayan kawai ya yi yadda ido ba zai ga jiƙaƙƙen ba, amma aka kira abin da ya yi algus. To shirun da za ka yi a kan injin da ka san yana shan mai, ɗan'uwan wancan ne. Haka ma dabarar da wasu ke yi ta zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ɗauke na kwana biyu, ko ɗumama injin kafin mai saye ya iso.

Ko ka ajiye maganar lahira gefe, lissafin duniya ma bai goyi bayan ɓoyewa ba. Duk wanda ya san babur zai ce a tayar masa da shi da sanyinsa, ya tsaya bayan salansa ya ce a murɗa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar injin na ƙona baƙin mai ne, galibi ring ya cinye ko robobin bawul sun saki. Baƙin hayaƙi kuwa yawanci kabireta ce ke ba da fetur fiye da kima, wannan gyaransa sauƙi. Idan shi ya gano da kansa, daga nan ba zai sake yarda da komai da ka faɗa ba, taya da batir da mita duk sai ya sa musu alamar tambaya, ya rage kuɗi a kan kowanne. Idan kai ka riga shi faɗa, aibi ɗaya ne, kuɗinsa sananne.

Abin da zan yi da ni ne kai: in kai wa bakanikena ya duba ya gaya mini takamaiman abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko ka gyara ka ajiye shaidar kayan da aka saya, ka faɗa wa mai saye an canza ring ranar kaza a wurin wane. Ko ka bar shi yadda yake ka ce, ga matsalar, ga abin da bakanike ya yanka, na cire shi daga farashi. Na fi karkata ga na biyun, saboda a kasuwarmu kalmar "an taɓa buɗe injin" tana karya kuɗin babur fiye da yadda ya kamata, kuma masu saye da yawa sun fi son su kai wa nasu bakaniken ya buɗe a gabansu. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta aibin a takardar ciniki. Zan dawo kan wannan.

Game da tallar da ka yi, koma ka duba hotunan. Idan lambar babur ta fito, ka rufe ta. Idan ƙofar gidanka ko layinku ya fito, ka sauya hoton. Kada ka tura wa kowa hoton rasit ko takardun rajista ta waya, komai naci. Mai son gani ya zo ya gani a hannunka. Da irin waɗannan hotunan ake haɗa takardun bogi, da su kuma wani yake tallata baburinka a matsayin nasa ya karɓi kuɗin mutane. Rubuta shekarar saye, da cewa hannu ɗaya ne, da cewa takardu sun cika, da farashi. Sa farashi yana rage maka rabin kiran banza.

Masu kira kuwa, kada yawansu ya ruɗe ka. Mafi yawa 'yan kallo ne. Akwai wanda gaisuwarsa ta farko ita ce "nawa ne gaskiyarsa?" tun bai ga babur ba. Amsarsa ɗaya: Malam, zo ka gani tukuna, ciniki a gaban kaya ake yi. Duk abin da ka rage a waya ya tafi, idan ya iso daga nan zai fara nasa tayin. Akwai dillalan da za su zo da rigar mai saye, ba laifi, kuɗinsu kuɗi ne, sai dai ka san tayin sari za su yi. Akwai masu zuwa su biyu, ɗaya yana yabo ɗaya yana kushe, mai kushen ya taɓa nan ya girgiza kai, ya taɓa can ya yi tsaki, har kai da kanka ka fara jin kunyar abinka. Ka bar shi ya gama, ka ce albarka. Kalmar nan ta ishe ka, ba sai ka yi musu ba, ba sai ka yi rantsuwa ba. Kai ma kuma kada ka ɗauko abokinka ya tsaya yana tayin ƙarya don kuɗi ya hau, wannan shi ne najashi da shari'a ta hana. Haka nan faɗin "jiya an taya kaza na hana" alhali ba a taya ba.

Wurin haɗuwa kai za ka zaɓa, ba mai saye ba. Da rana, wurin da aka san ka, cikin mutane. Garejin bakanikenka ya fi ko'ina, don ga kayan aiki idan ana son dubawa, ga shaidu a zaune. Kada ka kai wa kowa babur unguwar da ba ka sani ba don ya ce maigidansa ne zai saya kuma ba ya iya fitowa. Kada ka yarda da bayan magariba. Kada ka je kai kaɗai. Gida kuwa, sai wanda ka riga ka sani.

Wanda ka hana zagawa ya tafi yana faɗa, ba ka yi laifi ba, amma shi ma yana da hujja. Ba mai ba da dubban ɗaruruwa a kan babur bai ji yadda giya ke shiga ba, bai ji ko kan yana ja gefe ba. Sai dai kuma hanyar da aka fi sace baburan sayarwa ke nan: a hau a ce bari in kai ƙarshen layi, shi ke nan. Wani ma har da abokin tafiya zai zo ya bar maka shi a tsaye, bayan minti goma abokin ya rantse shi ma yanzu suka haɗu a hanya, ɗan acaɓa ne ko ɗan rakiya da aka yi wa alkawarin na goro. Wani ya bar maka waya ko makullin mota ko jaka a matsayin jingina, ka buɗe ka tarar ba komai. Saboda haka mutum ba jingina ba ne, makulli ba jingina ba ne.

Ga yadda za ka raba gardama. Da farko bakanikensa ya duba iya son ransa a tsaye, a kan jaki: a tayar, a murɗa, a sa giya, a duba filogi, a girgiza ƙafafu. Idan yana son jin sa a kan hanya, kai ka tuƙa shi yana baya, ko bakanikenka ya tuƙa. Idan ya nace sai ya riƙe kan da hannunsa, to ku fara gama ciniki, kuɗi su shiga hannunka ko hannun wani amintacce da kuka yarda da shi ku biyu, bisa sharaɗin in ya dawo bai gamsu ba a mayar masa nan take, in kuma ya kayar ya saya. Sannan fetur ɗin da ke tanki kada ya wuce na zagaye ɗaya. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin wannan, don shi ma da nasa ne haka zai yi. Wanda ya fusata ya ce ka mai da shi ɓarawo, ka ba shi haƙuri cikin mutunci, makulli kuma ya zauna a aljihunka.

Na biyun, mai hoton tiransifa da yaron da ke tafe, Allah ne Ya tsare ka. Hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne, kowane yaro mai waya zai iya ƙirƙirarsa. Saƙon alat ma ba kuɗi ba ne, akwai masu turo na bogi da sunan banki a samansa, ya shigo cikin jerin saƙonninka kamar na gaske. Abu ɗaya ne shaida: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka a wayarka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Tiransifa tsakanin bankunan Nijeriya, har da irin su OPay da Moniepoint, a ƙa'ida nan take take shiga. Gaskiya ne wani lokaci layi yakan yi nauyi kuɗi su maƙale, amma wannan matsalar mai turawa ce da bankinsa, ba taka ba. Idan ya ce an cire a wurinsa, ka ce to madalla, mu zauna mu jira, ko ka dawo gobe, babur na nan ba inda za shi. Za ka ji ana kawo maka uzurin sauri, tafiya ce ta kama shi, mota na jiransa a tasha, ai shi mutumin kirki ne ga katin aikinsa. Gaggawar nan ita ce jarin ɗan damfara, da ka ƙi gaggawa ya rasa abin yi.

Ka lura da wasu abubuwa biyu a nan. Sunan da ya turo kuɗi ya zama sunan wanda ke tsaye a gabanka, wanda zai sa hannu a takarda. Akwai damfarar da ake yi mai kusurwa uku: ɗan damfara ya tallata baburinka ga wani can da rabin kuɗi, ko ya turo maka daga asusun da aka yi wa kutse, ya ɗauki babur ya ɓace, bayan kwana kaɗan a rufe asusunka ana bincike, don kuɗin sata a wurinka suka sauka. Idan dole wani ne zai biya masa, to mai asusun ya zo, ko a rubuta sunansa a takarda a kira shi a gaban shaidu. Na biyu, duk wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin, ka mayar masa da ragowar ta wani asusu daban, kada ka taɓa ko sisi, ka ce ku haɗu a banki. Idan kuwa tsabar kuɗi ya kawo, mafi kyau ku tafi banki tare a zuba a asusunka, injin ƙirga ya tantance na jabu, kai kuma ba ka kwana da kuɗi a gida ba bayan mutane sun ga ka sayar da babur.

Wani zai ce ya ba da kafin alƙalami ka ajiye masa zuwa Juma'a. Ka karɓa idan ka ga dama, amma a rubuta adadi da ranar da wa'adi zai cika. Sai dai ka sani, a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ba a yarda a sharɗanta cewa idan ya fasa kuɗinsa sun zama naka ba. Hambalawa ne suka halatta hakan. Mafi kuɓuta shi ne ku yi a kan idan ranar ta wuce bai cika ba, ka mayar masa da abinsa ka sayar wa wani. Saboda haka kada ka kashe kuɗin, kuma kada ka ba da wa'adi mai tsawo.

Abokin aikinka mai biya uku fa? A nan zan faɗa maka ra'ayina kai tsaye: tunda larura ce ta sa ka sayarwa, bashi bai biya maka buƙata ba. Kuma bashin babur yana da wani hali. Biyan farko yakan zo da murmushi. Kafin na biyu taya ta fashe, an canza batir, sai a fara cewa ai babur ɗin ma ashe ba lafiya. Na uku kuwa sai ka koma kai ne mai jin nauyin tambaya, kullum kuna haɗuwa a ɗakin malamai kuna kauce wa ido. Idan ka ga ba za ka iya hana shi ba, to ya ba da kaso mafi tsoka a farko, a rubuta ranakun sauran da adadinsu, shaidu biyu su sa hannu, asalin takardun babur su zauna a wurinka har ya gama. Idan makarantarku tana da ƙungiyar adashi ko ta taimakon juna, ya fi kyau ya karɓi rance a can ya biya ka gaba ɗaya, shi ya ji da su. Kada kunya ta hana ka rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa umarnin, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

Ranar da ciniki ya faɗa, ko da wa aka yi, sai an yi takarda. Ba sai lauya ba, farar takarda ta isa, kwafi biyu. A sa kwanan wata da lokaci, har da ƙarfe nawa, domin daga wannan sa'ar duk abin da aka yi da babur ba ruwanka. A sa cikakken sunanka da nasa, da adireshi da lambar waya, da ƙirar babur da launinsa, da lambar injin da ta bodi da ta rajista, da kuɗin da aka biya da hanyar da aka biya. A rubuta ƙarara cewa an sanar da mai saye injin yana shan baƙin mai, ya duba ya yarda. Ku sa hannu, shaidarka da shaidarsa su sa. Ka ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa ko na zaɓe, ka kira lambar da ya bayar a gabanka ka ji ta yi ƙara a aljihunsa, ku kuma yi hoto tare a jikin babur. Wanda ya ƙi a ɗauki hoton katinsa, ko nawa ya taya, ka ce albarka.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin tsanani. Kai da kake jihar Kaduna ka tuna 2021, lokacin da gwamnati ta sanar da hana hawa babur na wata uku saboda matsalar tsaro, a shekarar da gwamnatin Katsina ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi. Gaskiya ne ba roba-roba 'yan daji suke nema ba, manyan babura masu jure jeji suke so. Amma ƙwacen waya da kaɗe mutum a gudu a cikin gari da kowane irin babur ake yi, kuma idan jami'an tsaro suka bi lamba, sunan da ke rajista za su tarar. Shi ya sa aikinka bai ƙare da karɓar kuɗi ba. Ku je ofishin lasin tare a yi canjin mallaka, ka sa wannan cikin sharaɗin ciniki tun farko, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗinsa, bisa al'ada mai saye ne. Kada ka bar shi ya tafi da lamba mai sunanka a kan alkawarin zai je ya canza wani sati, ba ya zuwa. Ka ajiye kwafin duk takardun da ka miƙa masa, tare da takardar ciniki, a inda kake ajiye takardun makarantarka, ba na wata ɗaya ko shekara ɗaya ba.

Saura abu ɗaya da zai iya biyo baya. Bayan sati ya dawo ya ce ya fasa, ko ya ce ga wata matsala ta fito. Idan aibin da ka faɗa ne aka rubuta, ba shi da hujja, ka nuna masa sa hannunsa. Idan wani abu ne da ka sani ka yi shiru, haƙƙinsa ne, ka karɓi abinka ko ku daidaita a kan ragi. Idan kuwa nadama ce kawai ta kama shi, karɓa alheri ne da ake samun lada a kansa, amma ba tilas ba ne. In ka yi niyya, kada ka mayar da kuɗi sai bakanikenka ya duba, don akwai masu kwance batir da kabireta da tayoyi masu kyau su maye da matattu, sannan su dawo da babur suna ƙorafi.

Malam, ka kira mutumin farko da ya tafi yana faɗa, wataƙila shi ne mai sayen gaske. Ka gaya masa ya zo garejin bakanikenka da nasa bakaniken da katinsa. Mai hoton tiransifa kuwa ka toshe lambarsa. Allah Ya sa a sayar a sa'a.